Duwatsu Uku a Kan Mayafin Inna

Laraba, 17 ga Satumba, da hantsi

Ja ya fito. Na shimfiɗa kore.

Wannan littafin awon ɗinkina ne, amma sati guda ke nan ba wadda ta kawo mini ko ƙyalle, to bari in cika shi da abin da ke cina. Mijina Gulzar ba a yi masa magana a hankali. Shekara talatin yana niƙa a bakin ruwa, kunnuwan sun bi garin masarar mutane. Abin da ke raina kuma ba na ɗaga murya ba ne.

Kullum da safe Inna tana hawa soron gidanmu na Mirpati, can tsallaken kogin Nilum, ta shimfiɗa jan mayafinta. Ni kuma daga nan Kalsan in amsa da kore. Na kwana, kin kwana? Shi ke nan zancen. Shekara talatin da huɗu muna haka, tun ranar da aka yi ruwan wuta ina amaryar wata biyar, dangin Gulzar suka tsallako da ni a kan sati guda za mu yi. Faɗin kogin bai fi jifa biyu ba, amma ƙararsa tana cinye murya, sojojinmu a nan, nasu a can. Waya kuwa ko lokacin da ake samu Inna ba ta yarda da ita ba. Ta ce abin da ba ta gani da ido ba ba gaisuwa ba ne.

Dutse uku take ɗorawa, ta bar kusurwa ɗaya iska na wasa da ita. Tun muna yara take cewa tufar da ba ta motsi likkafani ce.

Alhamis, 18 ga Satumba, bayan la'asar

Motocin soja arba'in da ɗaya suka hau dutse yau. Na bar miya a wuta na tsaya ina kallo. Uku daga ciki tsawonsu ya fi masallacinmu, an lulluɓe abin da suka ɗauko. Ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafata tun kafin su iso, kofuna suna kaɗa juna a kan kanta. Subhanallahi, ɗan Adam ne ya ƙera wannan da hannunsa?

Asabar, 20 ga Satumba, da yamma

An yanke waya. Kafin a yanke 'yata Ruksana ta samu ta kira daga birni, tana kuka, wai in tattaro mu taho wurinsu.

Na ce, "In taho in bar wa wa soron?"

Ta ce, "Mama, wai ba ki jin labarai ne?"

Na ce ina ji, tun kafin a haife ta nake ji.

Malam Sarwar ya sauko wurin niƙa da rediyonsa. Tun da ya bar koyarwa duk garin ya zama ajinsa. Ya ce wannan karon ba irin na da ba ne, ɓangarorin biyu duk sun ambaci makamin ƙare-dangi da bakinsu.

Gulzar ya kama kunne. "Sun ambaci wa?"

"Babban bam, Gulzar! Nukiliya!"

Na ce, "Malam, don Allah wai yaya abin nan yake? Kowa sai ya kama baki, ba mai faɗa."

Ya kashe rediyon. Ya ce in ɗauka an sauko da rana an ajiye ta a tsakiyar gari na ƙiftawar ido. Ƙarfe ya zama ruwa. Mutum yana zaune a bakin ƙofa, sai dai a ga inuwarsa manne a bango, shi babu shi. Waɗanda ke nesa kuma tokar ce za ta bi su a iska, ta shiga ruwa, ta shiga nonon saniya. Kuma duk wannan, in ji shi, daga wani abu ne da ya fi ƙwayar zarra ƙanƙanta, an tsaga shi biyu.

Ba tsoro ne ya fara zo mini ba, wallahi, tsikar jikina ce ta tashi. Ashe Ubangiji ya ɓoye rana a cikin ƙura, muna sharewa kullum muna zubarwa bayan gida.

Gulzar ya tofa nasa. "To in sun jefo mana, ai iskar kwarin nan da la'asar can take komawa. Su shaƙi abinsu."

Malam ya ce, "Da safe kuma nan take zuwa."

Lahadi, 21 ga Satumba, da hantsi

Ja. Kore. Ta tsaya ta daɗe yau, hannunta a ƙugu. Ni na san wannan tsayuwar, bayan ne yake damun ta.

Talata, 23 ga Satumba, azahar

Saje Ilyas ya zo da doka: kada a sake shanya tufa a saman soro, wai ana iya yi wa abokan gaba ishara. Yaron kudu ne, mutumin ƙasar zafi, tun yanzu yana rawar ɗari. Ni na rage masa tsawon wando wancan watan.

Na ce, "Abokiyar gaban tawa shekararta tamanin da ɗaya, haƙoranta huɗu."

Ya ce, "Gwaggo, ni ma aiko ni aka yi."

Na zuba masa shayin gishiri don mugunta, na san ba ya iya sha. Ya shanye yana yamutsa fuska. Da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa, bai juyo ba, ya ce shi dai tufa aka ce masa, ba a ce masa ganye ba.

Laraba, 24 ga Satumba, da hantsi

Na tsinke rabin ganyen lambu na baza shi a soro daidai faɗin mayafi. Ta gani. Ta ɗaga hannu biyu, kuma na rantse dariya take yi.

Juma'a, 26 ga Satumba, bayan sallar Juma'a

Jirage biyu suka ratsa kwarin, ƙasa-ƙasa, ina tsakar gida da tire a hannu. Na gan su sun wuce shiru kamar kifi a ruwa, sai bayan sun ɓace sama ta tsage. Gilashin tagar ɗaki ya zube. Gulzar ya fito da gudu yana murna, wai ya ji, ya ji da kunnensa!

Bayan nan kwarin ya yi tsit. Ba kare, ba tsuntsu. Na ɗaga kai na ga dusar ƙanƙarar farko ta sauka a kan dutsen gabas, fari fat, rana tana haska ta. Wannan dutsen ya ga kakana, ya ga kakan kakana. Na tsaya ina kallonsa har wuyana ya gaji, ina tasbihi.

Liman ya ce gobe motocin kwashe mutane za su zo.

Asabar, 27 ga Satumba, da yamma

An tafi. Liman ma ya bi iyalinsa. Mun rage gida shida, duk tsofaffi. Gulzar ya saka kayanmu a buhu, ni na zazzage. Ya sake sakawa, na sake zazzagewa.

Ya ce, "Dilshada, taurin kanki ya fi dutsen niƙana."

Na yi masa tsawa a kunne, "Ka tafi mana! Wa ya riƙe ka?"

Ya ce, "In tafi wa zai riƙa yi mini ihu?" Ya je ya ba jaki ruwa.

Lahadi, 28 ga Satumba, da hantsi

Ja ya fito. Na makara ban ga hawanta ba, na tarar an riga an shimfiɗa.

Litinin, 29 ga Satumba, da hantsi

Ja ya fito.

Babu iska sosai yau, ina jin shi ya sa kusurwar ba ta motsi.

Talata, 30 ga Satumba, bayan la'asar

An yi musayar wuta a can saman kwari, mun wuni a ramin ɓuya na bayan masallaci. Mu tara, da akuya ɗaya da matar Malam ta ƙi bari a waje. Duk faɗuwar harsashi ƙasa ta zubo mana a ka. Malam yana ƙirga tazarar haske da ƙara yana gaya mana nisan wurin, har matarsa ta ce in bai rufe baki ba za ta fita ta bar masa akuyar.

Da muka fito iska tana kaɗa masara har tana kwantawa. Na duba tsallake. Mayafin yana nan a shimfiɗe, sumul, ko gezau.

Na dafa shinkafa, ba ta ciyu ba.

Laraba, 1 ga Oktoba, da asuba

Na hau tun kafin gari ya waye sosai, na zauna bayan tarin itace inda ba za a hango ni ba. Namiji ne ya hau. Nazir ne, ƙanena, na san tafiyarsa ko da yake yana ɗan shekara tara na baro shi. Ya shimfiɗa, ya ja nan, ya ja can, ya daidaita gefe da gefe. Kafinta ne, ba ya iya ganin abu a karkace. Ya ɗora dutse ɗaya, biyu, uku. Ya waiwaya ya nemo na huɗu.

Na baza ganyena kamar kullum. Yana son in yarda, to na yarda.

Alhamis, 2 ga Oktoba, da hantsi

Huɗu.

Alhamis ɗin dai, bayan azahar

Wataƙila bayan ne. Matakalar nan tsaye take, tun ina yarinya nake tsoron ta. Mace mai tamanin da ɗaya ba dole ta hau kullum ba. Hayaƙi yana fita daga ɗakin girkinsu. Wata mata ta shiga gidan da kwano a rufe, ta daɗe, ta fito babu kwano. Wata ma ta shiga. Mutanen Mirpati dama akwai zumunci.

Na ɗinke wa Gulzar aljihun da bai yage ba.

Juma'a, 3 ga Oktoba, da yamma

Ba a yi Juma'a ba, yawanmu bai kai ba. Rediyon Malam ya ce an ba da wa'adi zuwa Talata. Wa ya ba wa, a kan me, kowace tasha da nata. Ya ce manyan ƙasashe suna ta kiran waya suna ba da haƙuri. Mutum biyu, ɗaya a can ɗaya a nan, kowa da makullin bam a aljihu, mu miliyan nawa muna jiran mu ga wa zai fara. Na yi ta juya abin a raina ina tsintar wake. Ko Fir'auna bai samu irin wannan iko ba.

Saje Ilyas ya kawo mana garin madara. Ya ce mota ta ƙarshe jibi ce, bayanta za a rufe hanya. Idonsa ya faɗa. Na tambaye shi uwarsa, ya ce kwana goma sha uku bai ji muryarta ba.

Na ce, "Kwana goma sha uku! Sannu da ƙoƙari."

Bai ji haushi ba. Ya dubi tsallake, ya ce, "Yau ma ba ita ta hau ba, ko?" Ashe daga wurin gadinsu suna kallo da madubin hangen nesa, duk sun san mayafin. Ya ce in ya fito sai su ce tsohuwa ta tashi, a dafa shayi.

Na ce masa ya kama gabansa, ina da aiki.

Asabar, 4 ga Oktoba, da hantsi

Huɗu. Ya Allah.

Lahadi, 5 ga Oktoba, da hantsi

Dole in rubuta wannan.

Motar tana tsaye a bakin hanya tana hon, Gulzar ya ɗauki buhu, ni ina soro. Sai ga Nazir yana hawa a hankali, a duƙe, da mutum a bayansa. Goye yake da ita kamar jaririya. Ya sauke ta a bakin mayafin, ya tallafe ta ta baya. Ta ƙanƙance, Inna da ke ɗaukar dami biyu na itace daga daji. Ta dubi mayafin. Na ga hannunta ya tashi ya sauka a ƙeyar Nazir. Mari ne, wallahi mari ne, ɗan shekara arba'in da uku! Sannan ta miƙa ƙafa ta ture dutse ɗaya.

Kusurwar ta tashi. Iskar safe ta ɗauke ta tana kaɗawa.

Na manta da doka, na ciro koren daga ƙarƙashin rigata na ɗaga shi sama da hannu biyu ina kaɗawa, ina kiran Inna, Inna, na san kogi yana cinyewa. Ta ɗaga hannu ɗaya. Ba ta iya riƙe shi a sama ba, Nazir ya riƙe mata. Muka tsaya haka ban san iya lokacin ba. Daga wurin gadi ba wanda ya yi magana.

Da na sauko motar ta tafi. Gulzar yana zaune a kan buhu a tsakar gida, ya ce dama direban bai yi masa kama da mai hankali ba.

Litinin, 6 ga Oktoba, da hantsi

Huɗu.

Ba komai. Na gan ta.

Talata, 7 ga Oktoba, da asuba

Fari.

Talata, bayan magariba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yau ne wa'adin. An ce kowa ya shiga rami tun safe kada ya fito. Ni ina soro ina kallon farin ƙyallen da Nazir ya shimfiɗa. Al'adarmu ce ta gari biyun nan, wanda ya rasu yana da jini a tsallake, ana kawo shi bakin ruwa a wurin da kogi ya tsuke, a sallace shi gefe biyu. Amma yau wa zai yarda? Na ce a raina a bayan gari za su rufe ta, ba zan gani ba.

Wajen hantsi sai na ga an fito da makara. Ba su yi hanyar maƙabarta ba. Gangarowa suke yi.

Ban san yadda na isa wurin gadi ba, ko takalmi babu. Na ce, "Ilyas, uwata ce a kan katakon can."

Ya ce, "Gwaggo, yau ko kare ya sauka bakin ruwa an ce a harbe."

Na ce, "To fara da ni, don zan sauka."

Ya shiga ya yi magana a wayarsu, ya daɗe. Ina jin ana yi masa faɗa. Ya fito ya ce babbansu ya ce shi bai ji ba bai gani ba, minti goma sha biyar. Sai ya jingine bindigarsa a buhun yashi, ya cire takalmi, ya ce a zuba masa ruwan alwala. Biyu daga cikin yaransa suka bi shi.

Muka gangara. Gulzar, Malam Sarwar, tsofaffi uku, soja uku. Mu mata muka tsaya baya a kan duwatsu. Ina jin bakin bindigogi daga sama, nasu da namu, kamar yadda ake jin ido a ƙeya. A can sun ajiye ta a kan yashi, sun yi sahu biyu, limaminsu a gaba. Ga ta nan, jifa biyu. Shekara talatin da huɗu ban matso ta kamar haka ba.

Malam ya ce, "To ta yaya za mu ji kabbara?" Gaskiyarsa. Kogin ya cika, ko mai kunne ba ya jin na kusa da shi. Da can akwai wani tsoho a Mirpati mai tsayawa gefe yana ɗaga ƙyalle duk kabbara, ya rasu bara. Yau kuma mazan da suka rage kaɗan ne, kowa yana cikin sahu. Na ga Nazir riƙe da jan mayafin yana waige-waige, ya rasa wanda zai ba.

Sojojinsu huɗu sun rako gawar, suna tsaye nesa. Ɗaya dogo ne mai rawani da gemu a naɗe, ba Musulmi ba ne, irin mutanen Panjab ɗin nan. Na ga ya miƙa wa na kusa da shi bindiga. Ya tako ya tsaya gaban Nazir, suka yi magana, Nazir ya nuna masa yatsa huɗu. Ya karɓi mayafin da hannu biyu, ya hau wani babban dutse a gefen liman, ya juyo yana fuskantar mu, ƙirjinsa a buɗe ga duk bindigar da ke dutsenmu.

Ja ya tashi sama. Mazanmu suka ce Allahu Akbar.

Ya sauke. Ya karkata kai yana sauraron liman kamar ɗalibi. Ja ya sake tashi.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba, kuma ba na jin zan sake gani. Sama wasai, ƙanƙara tana walƙiya a kan duwatsu, wani wuri can nesa mutum biyu suna shafa makulli a aljihu, mu kuma ga mu ƙanana kamar tururuwa a gindin kwari, sojan can yana ba sojan nan kabbara da mayafin uwata. Ba kuka nake yi ba tukuna, girman abin ne ya danne ni. Gulzar da bai ji kabbarar liman ba shekara goma, yau bai makara ko sau ɗaya ba.

A ta huɗu mutumin ya bar hannunsa a sama har aka yi sallama. Sannan ya ninke mayafin, ninki mai kyau, ya mayar wa Nazir, ya koma ya karɓi bindigarsa. Ilyas ma ya hau ya ɗauki tasa.

Kafin su ɗaga ta Nazir ya matso har ruwa yana taɓa ƙafarsa. Furfura ce a gemunsa, ban sani ba. Na duƙa na tsinci dutse huɗu, na ɗaga masa ya gani. Na jefa ɗaya a kogi. Ya rufe fuska da hannu.

Laraba, 8 ga Oktoba, da asuba

Wa'adin ya wuce, muna nan. Malam ya ce an ƙara kwana uku, ana magana. Gulzar ya dafa mini shayi da kansa, ya zuba gishiri kamar zai jiƙa fata. Na shanye.

Ba na son hawa soro. Me zan gani?

Laraba, da hantsi

Na hau.

Ja ya fito. Ya ja nan, ya ja can, ya daidaita gefe da gefe, kafinta dai ba ya canzawa. Ya ɗora uku. Ya tsaya da na huɗu a hannu, ya daɗe, sai ya sa shi a aljihu.

Na shimfiɗa kore. Kusurwarsa tana kaɗawa, tawa ma haka.